Bazarar 1985 a Washinton: Nasiha ga Ƙannena

A farkon bazarar 1985 wasu matasa a birnin Washinton na Amurka suka fara samun 'yan wasiƙu babu sunan wanda ya aiko. An yanko haruffa an manna a takarda, saƙon kuwa guda ne: a farka, a zauna cikin shiri, bazarar bana ta juyin juya hali ce. Daga baya aka san wata budurwa ce mai suna Amy Pickering ke aika su. Sunan da ta raɗa wa lokacin, Revolution Summer, shi ya bi shi har yau, kuma bayan shekara 40 ana ci gaba da rubuta littattafai da shirya finafinai a kan waɗannan 'yan watanni.

Ƙannena maza da mata, labarin waɗannan matasa nake so in ba ku, domin shekarunsu a lokacin su ne naku a yanzu, kuma abin da ke hannunsu shi ne ke hannunku: abokai, ɗan aikin samun na kashewa, da lokaci mai yawa da babu wanda ya tsara musu yadda za su yi da shi.

Kiɗan da ya haɗa su sunansa pank. Jita ce mai lantarki da ganga da mawaƙi mai ɗaga murya har jijiyar wuya ta fito, a yi waƙa da gudu a gama cikin minti ɗaya ko biyu. Ya tsiro a New York da Landan a tsakiyar shekarun 1970, a hannun ƙungiyoyi irin su Ramones da Sex Pistols da Clash, a daidai lokacin da marasa aikin yi a Birtaniya suka haura miliyan ɗaya. Kunnen da ya saba da kalangu da kukuma ba lallai ya yi masa maraba ba. Na kuma san a cikinku akwai 'yan gidajen da ba a yarda da kiɗa ba sam, kuma ban zo in tura kowa ga abin da iyayensa suka hana shi ba. Haka nan ba zan ɓoye muku cewa harkar ta ci mutane ba. Sid Vicious na Sex Pistols ya mutu a Fabrairun 1979 yana da shekara 21, ƙwaya ce ta kashe shi, kuma ba shi kaɗai ba ne. Abin da ya ja hankalina ga 'yan Washinton shi ne sun shiga wannan harka ɗaya, sun fito da wani abu dabam.

Labarin ya fara tun kafin 1985. Ian MacKaye da Jeff Nelson abokai ne tun a sakandare, suka kafa ƙungiyar kiɗa ta mutum huɗu mai suna Teen Idles a 1979. Duk wasan da suka yi aka ba su ɗan abin da aka ba su, ba sa rabawa. Akwatin taba suke da shi, a ciki suke zubawa, kamar adashin da kwasarsa ba ta zo kan kowa ba tukuna. Da ƙungiyar ta watse a ƙarshen 1980 aka buɗe akwati aka tarar da dala 600. Da an raba, kowa zai tashi da 150, kuma kafin wata ya ƙare an cinye an manta. Sai suka ce a'a, a buga faifai, ko ba komai a bar shaidar cewa an taɓa yin wannan ƙungiya.

Babu kamfanin da zai kula yara irinsu, su ma ba su je roƙo ba. Sun riga sun ɗauki waƙoƙin a ƙaramin sutudiyon da wani mutum mai suna Don Zientara ya haɗa a ƙarƙashin gidansa. Suka ba da aikin buga faifai 1,000. Saura kwalin da za a sa faifan, ba su san yadda ake yin sa ba. Sai suka ɗauki kwalin wani faifai da suke da shi suka ɓanɓare shi a hankali, suka ga inda aka yanka da inda aka naɗe, suka zana irinsa suka kai maɗaba'a. Daga nan aka tara abokai, ga almakashi ga gam, ana hira ana yanka ana mannawa, ɗaya bayan ɗaya har dubu. Sunan da suka sa wa kamfanin nasu Dischord. Suka kuma yi alkawari cewa duk abin da ya dawo daga cinikin faifan nan, da shi za a buga na wata ƙungiyar ta abokansu. Haka aka yi.

Ku dubi wannan wurin da kyau. Babu wanda ya ba su jari. Jarinsu shi ne haƙurin da suka yi na barin kuɗi a wuri ɗaya, da amanar da ta sa babu wanda ya sa hannu a akwatin a ɓoye. Majalisu nawa ne a unguwanninmu da kuɗin da ke wucewa ta cikinsu a wata guda, na data da lemo da tsire, ya isa a sayi keken ɗinki ko injin aski? Kuɗin yana nan, wurin zubawa da mai riƙon amana ne babu.

Sannan ba zaman kiɗa kawai suke yi ba, aiki suke yi. MacKaye da amininsa na yarinta Henry Garfield, wanda duniya ta sani daga baya da sunan Henry Rollins, a kantin askirim na Häagen-Dazs da ke unguwar Georgetown suke aiki, suna ɗebo wa mutane askirim a kofi. Rollins har ya kai ga zama manajan kantin, kuma da kuɗin aikinsa aka buga faifan ƙungiyarsa. MacKaye ya kuma yi aiki a wani kantin sayar da fayafayi a wajen gari. A bazarar 1981 ne ƙungiyar Black Flag ta Kalifoniya ta gayyaci Rollins ya zama mawaƙinta, ya ajiye aikin kanti ya bi su. Mutane suna son wannan ɓangare na labarin, yaron kanti ya zama tauraro. Ni ɓangaren da ya gabace shi na fi so ku riƙe. Wanda ya saba buɗe kanti a kan lokaci, ya ƙirga ciniki da dare lissafi ya fito daidai, ya haɗiye magana idan mai saye ya yi masa rashin kunya, shi ne zai iya riƙe ƙungiya a kan hanya wata da watanni. Aikin da kuke rainawa, jiran shagon kawu ko bin maigida gareji ko taya inna sayar da abinci, yana koya muku abin da babu makarantar da ke ba da shaidarsa.

Akwai kuma maganar giya. Yawancin wasannin kiɗa a gidajen da ake sayar da giya ake yin su, doka kuwa ta hana shigar da ƙananan yara. Da Teen Idles suka je San Francisco a 1980, masu gidan da za su yi wasa suka ga yara ne, sai aka zana musu babban gicciye da alƙalami a bayan hannu, alamar kada a sayar musu da giya. Suka dawo gida da wannan dabara suka kai wa masu gidajen wasa na Washinton: ku bar mu mu shiga, ku zana mana alama, duk wanda kuka kama da giya a cikinmu ku kore shi. Aka yarda. Alamar da aka yi don a ware su sai suka mayar da ita abin alfahari, har waɗanda shekarunsu suka kai suna zana wa kansu. A 1981 sabuwar ƙungiyar MacKaye da Nelson, Minor Threat, ta fitar da wata waƙa da ba ta kai minti ɗaya ba mai suna Straight Edge, inda mawaƙin ke cewa shi ba ya bukatar ƙwaya. Sunan waƙar ya zama sunan wata tafiya ta matasa masu ƙin shaye-shaye a ƙasashe da dama.

Abin da ke ba ni sha'awa a nan shi ne ba tsoron hukuma ya hana su ba, kuma ba a masallaci ko coci aka yi musu wa'azi ba. A tsakiyar wurin da shaye-shaye ya zama ado yaro ya miƙe ya ce shi ba ya yi, kuma ya faɗa da ƙarfin da ya sa mai sha ne ya koma jin nauyi. Ku da kuke da addini da tarbiyyar gida a bayanku, hujjarku ta fi tasu ƙarfi. Gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma kun fi ni sanin cewa doka ba ta zama a majalisa bayan isha'i. Wanda ke zaune a wurin shi ne mai iya cewa a'a. Sai dai ku kiyaye abu guda: daga baya wasu a wasu biranen Amurka sun mayar da wannan kamewa dalilin dukan masu sha, MacKaye kuwa ya sha nanata cewa shi halin kansa ya faɗa, bai kafa wa kowa doka ba. Kamun kai naka ne, ba lasisin cin zalin wani ba ne.

To, me ya kawo wasiƙun 1985? Abin da suka gina ne ya lalace a kan idonsu. Minor Threat ta watse a 1983 saboda saɓani tsakanin mambobinta. Harkar ta yi suna, jama'a suka yi yawa, aka samu waɗanda ba kiɗan ya kawo su ba, faɗa ya kawo su. Rawar da ake yi ta ture-ture a gaban dandamali ta koma dambe, ƙarti suna bangaje ƙanana, 'yan mata suka koma rakuɓewa a bango, wasu gungun masu aske kai ƙwal suna zuwa neman wanda za su daka. Yaran da suka fara abin, yanzu sun kai shekara 20 da 'yan kai, suka wayi gari baƙi a gidan da suka gina.

Wannan yana samun kowace majalisa da kowace ƙungiya, ta ƙwallo ce ko ta wasan kwaikwayo ko ta ci gaban unguwa. Hanya biyu aka saba bi. Ko mutum ya tattara nasa ya tafi yana cewa abin ya lalace, ko ya zauna ya saje, zama da maɗaukin kanwa ya kawo masa farin kai. Su sai suka ɗauki ta uku. Ba su tsaya ƙwace wurin daga hannun 'yan dambe ba. Suka koma gefe suka sake sabon abu wanda ɗan dambe ba zai sami abin so a cikinsa ba: ƙananan wurare, wasu lokuta ma gidan abinci, jama'a kaɗan, sabon salon waƙa.

Ƙungiyar da ta fi kowa alamta lokacin ita ce Rites of Spring, ta Guy Picciotto da Brendan Canty da abokansu biyu. Maimakon waƙar nuna ƙarfi, sai suka koma waƙar abin da ke cin zuciya, kewa da nadama da tsoron wucewar lokaci, har akan ga masu kallo suna hawaye. A wurin da ake auna namiji da naushi, wannan ba ƙaramar jarumta ba ce. MacKaye ya kafa Embrace a bazarar, ga kuma wasu ƙungiyoyin irin su Beefeater da Gray Matter. Amy Pickering kuwa, ranar da ta fara aiki a Dischord ta tarar da wata takarda a manne mai cewa ba a yarda masu siket su shiga ba, ta cire ta. Shekara guda bayan waccan bazara ta kafa Fire Party, ƙungiyar mata zalla, kuma ta yi sama da shekara 20 tana aiki a kamfanin. Ƙannena mata, ku lura cewa mai kiran da ya tashi kowa daga barci mace ce, kuma ba ta jira an ba ta izini ba.

Sai kuma suka ɗaga kai suka dubi abin da ya fi su. A birnin nasu, tun 21 ga Nuwamban 1984, ana zanga-zanga kullum a ofishin jakadancin Afirka ta Kudu saboda mulkin wariyar launin fata. Randall Robinson da Mary Frances Berry da Walter Fauntroy ne suka buɗe ta da zaman dirshan a cikin ofishin har aka kama su, bayansu kuma aka kama dubbai, ciki har da mawaƙi Stevie Wonder. Dokar birnin a lokacin ta hana zanga-zanga a cikin tazarar ƙafa 500 daga ofishin jakadanci. A watan Yunin 1985 'yan pank suka fito da abin da suka iya: ganguna da gwangwanaye da bokitai da duk abin da zai yi ƙara, suka tsaya suna bugawa, domin ana iya tsayar da mutum a nesa amma ba a iya tsayar da ƙarar ganga. A bazarar ce kuma Mark Andersen da abokansa suka kafa Positive Force, ƙungiyar da ke shirya wasanni a ba da kuɗin shiga ga masu taimakon marasa gida da sauran mabukata.

Kada a yi musu ƙarin gishiri. Ba gangunansu ne suka kawar da wariya ba. Mutanen Afirka ta Kudu ne suka biya da jininsu, a watan Yulin wannan shekara ma gwamnatin farar fata ta kafa musu dokar ta-ɓaci. Majalisar dokokin Amurka ta sa takunkumi a Oktoban 1986 duk da Shugaba Reagan ya hau kujerar na-ƙi, Mandela kuma bai fito daga kurkuku ba sai 11 ga Fabrairun 1990. Yaran nan ɗan ƙaramin ɓangare ne na taro mai yawa. Amma sun zo, kuma da kayan aikin da ke hannunsu suka zo. Wannan ya isa a yaba.

Na san abin da wani zai ce: Yaya, waɗannan 'yan Amurka ne, akwai wuta, akwai aikin yi, akwai gidan iyaye mai ɗakin ƙasa da za a yi atisaye. Gaskiya ne. Yawancinsu farar fata ne 'ya'yan masu rufin asiri, a birnin da kusan kashi 70 cikin 100 na mazaunansa a lokacin baƙar fata ne, ko da yake ƙungiyar da suka ɗauka a matsayin malamansu, Bad Brains, ta baƙar fata ce. Sun sami sauƙin da ba ku da shi. Amma a daidai waɗannan shekaru, a Kano, matasa marubuta da manyan kamfanonin ɗab'i ba su kula ba suna haɗa kuɗinsu suna buga littattafansu suna kai wa kasuwa da kansu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama suna tallata littattafan juna. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, daga irin wannan yunƙuri masana'antar finafinan Hausa ta taso. Babu wanda ya koyo daga wani tsakanin Kano da Washinton. Dabarar ce ɗaya, kuma iyayenku da yayyenku sun riga sun gwada ta a ƙasar nan ta yi aiki.

Bazarar ba ta daɗe ba. Rites of Spring ba ta yi wasa 20 ba ta watse a farkon 1986. Embrace wasa 9 ta yi, faifanta ma sai bayan ta watse ya fito. Aka yi saɓani, aka yi fushi, wasu suka tafi jami'a, wasu a gari suka zarge su da ware kansu da ɗagawa. Ku sa wannan a ranku tun yanzu: majalisar da kuke ciki ba za ta dawwama ba. Aure zai ɗauki wasu, karatu da neman abinci su ɗauki wasu, mutuwa ma tana da rabonta. Ba laifin kowa ba ne.

Abin da ya saura shi ne abin da aka gina. A 1987 MacKaye da Canty da Joe Lally suka haɗu a ƙungiyar Fugazi, Picciotto ya biyo su daga baya, suka ɗauki ɗabi'un waccan bazara suka mayar da su ƙa'idar aiki. Kuɗin shiga wasansu galibi dala 5 ne, a lokacin da wasu ke karɓar ninkin haka sau da yawa. Ba sa wasa inda za a hana yara shiga. Ba sa sayar da riguna masu sunansu. In wani ya fara ture mutane sai su tsayar da kiɗa, su yi masa magana da ladabi, in ya ƙi ji a mayar masa da kuɗinsa a ambulan a raka shi ƙofa. Wasanninsu na Washinton kyauta ne ko na tara wa mabukata. Manyan kamfanoni sun yi musu tayin kuɗi masu yawa suka ƙi. A haka suka yi wasa sama da 1,000 a nahiyoyi da dama kafin su dakata a 2003. Dischord kuwa tana nan, MacKaye da Nelson ne masu ita har yau, ba ta rubuta kwantaragi da mawaƙanta, riba kuma rabawa ake yi tsakanin kamfani da ƙungiya. Amanar da aka koya a kan dala 600 ita ce ta riƙe wannan duka.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku. Idan dogon hutu ya zo, kada makon farko ya wuce ba ku zauna da abokanku kun tambayi juna abin da za ku gama kafin a koma makaranta ba. Abu guda ya isa, kuma ya zama wanda za a iya taɓawa da hannu: ɗan littafi, ajin koya wa ƙannenku karatu a zaure, gasar ƙwallo ta layi-layi, yashe kwatar unguwa kafin ruwa ya yi ƙarfi, teburin sayar da wani abu. Ku samo akwati, ku zaɓi wanda kuka fi yarda da amanarsa ya riƙe, wani dabam ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa kowa duk mako. Ku nemi aiki ko da na yini ne, kada ku raina shi. Ku sanar da iyayenku abin da kuke yi, ku nemi albarkarsu. Ku duba ko ƙaramin cikinku yana iya magana a zamanku a saurare shi. Ranar da wani ya zo da kwalba ko ƙulli kuwa, kada ka tsaya duban fuskokin sauran, ƙanena. Kai ka fara cewa ba a yin wannan a nan.